Ginin cibiyar farish: tsarin iska, ruwa da lantarki kafin a zuba kankare

Ɗan kwamitin gini ya rubuta:

Salama a gare ku 'yan'uwa. Kwamitinmu na shirin gina cibiyar farish ta Katolika a gefen majami'a, kuma mai zanen gini ya kawo zanen farko. Bene ne mai hawa ɗaya. A ƙasa akwai babban zaure mai tsawon mita 20 da faɗin mita 18, da kicin, da banɗakuna, da ƙaramin ɗakin sujada mai ɗakin shirin Fada a bayansa. A sama azuzuwa 6 ne na koyar da katekizim, sai ofisoshi 3. Za a riƙa taro da liyafa a zauren, har da Misa idan majami'a ta cika ko ana gyaranta. Mun yi lissafin mutum 300.

Ɗan kwangila ya ce a bar maganar wayarin da famfo da AC sai gini ya tashi, wai masu aikin za su san inda za su bi. Hankalina bai kwanta da wannan ba. Masana, me ya kamata a tsayar a takarda kafin a zuba kankare? Kuma ko akwai abin da ginin coci ke buƙata wanda zauren taro na haya ba ya buƙata?

Injiniyan iska ya amsa:

Ɗan'uwa, gara da hankalinka bai kwanta ba, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Bututun iska da na ruwa suna ratsa bim, wato gadar kankare da ke ɗauke da bene, da kankaren benen kansa. Idan ba a bar musu ƙofa kafin zubi ba, daga baya sai an fasa, kuma mai fasawa ba ya ganin rodin da yake yankewa.

Kafin kowane zane, ku zauna da Fada da sakataren farish ku rubuta jadawalin mako guda, awa bayan awa: wane ɗaki ake buɗewa, yaushe, mutum nawa. Ofis yana aiki kullum da mutum 4 ko 5. Azuzuwa suna cika sau 2 a mako. Zaure kuwa sai ya kwana 5 babu kowa, sannan ya cika maƙil cikin minti 15. Wannan jadawalin shi za a miƙa wa duk wanda zai yi muku lissafi.

Sai maganar mutum 300. Zaurenku murabba'in mita 360 ne. Ƙa'idar gini ta IBC, wadda ake bi a Amurka, tana ba kowane mutum murabba'in mita 1.4 idan akwai tebura, ko 0.65 idan kujeru ne zalla. Wato da tebura mutum 257 ne, da kujeru zalla kuwa ya kai 550. Ranar babban biki wace lamba za ta tabbata? Ku yanke shawara yanzu, don yawan ƙofofin fita da banɗakuna da girman AC duk a kanta suka rataya.

Mu ɗauki 300 ɗin. Mutum a zaune yana fitar da zafi kimanin wat 115, daga ciki wat 45 laima ce ta numfashi da gumi. Mutum 300 ke nan kusan kilowat 35, wato tan 10 na sanyaya a ma'aunin ƙarfin AC, tun ba a zo kan zafin rufi da tagogi da fitilu ba. Ruwan da suke sakewa cikin iska ya kai lita 20 a awa. Iskar waje kuma, ma'aunin ASHRAE 62.1, na ƙungiyar injiniyoyin iska ta Amurka, ya sa wa zauren taro lita 3.8 a daƙiƙa ga kowane mutum, da ƙarin lita 0.3 ga kowane murabba'in mita. Ku lissafa: kusan lita 1,250 a daƙiƙa. Idan ana so ta bi bututu a saurin mita 5 a daƙiƙa don kada ta yi ƙara, bututun sai ya kai milimita 500 a kowane gefe. Ku duba zanenku ku ga ko tsakanin silin da ƙasan bim akwai wannan filin. Yawanci babu.

A nan ne ake yawan faɗawa rami biyu. Na farko, a jera ƙananan AC na bango a ce an gama. Waɗannan iskar ɗaki kawai suke juyawa, ba sa shigo da sabuwa. Bayan minti 40 sai ka ga jama'a suna hamma, yara suna rigima, ɗaki kuma da sanyinsa. Na biyu, a sayi ƙatuwar na'ura guda ɗaya da aka auna ta da mutum 300. Ranar da mawaƙa 20 suka zo gwaji, sai ta sanyaya ɗakin cikin minti kaɗan ta mutu, ta sake tashi ta sake mutuwa, ba ta yi aikin da zai isa ta tatse laima ba. Daga nan sai warin rima, baƙin tabo a silin, littattafan waƙa su yi laushi, kwamfireso, wato injin da ke cikin AC, kuma ya gaji da wuri. Maganinsa a raba nauyin gida 3 ko 4 masu tashi ɗaya bayan ɗaya, ko a ɗauki masu rage gudu da kansu, a kuma haɗa ƙofar iskar waje da na'urar auna iskar da mutane ke fitarwa, wato CO2. A kafa ta a bango daidai tsayin numfashi, nesa da ƙofa, ta buɗe iska idan ma'auni ya doshi kashi 1,000 cikin miliyan. Mutum 20 lita 184 kawai suke buƙata, babu dalilin sanyaya 1,250 dominsu.

Ofisoshi su sami nasu daban, azuzuwa daban, ɗakin sujada daban. Aji mai yara 25 da faɗin murabba'in mita 45 yana son kimanin lita 150 a daƙiƙa.

Ga wanda ya shafi coci kai tsaye: a nuna wurin bagadi a zane, ko da na ɗaukewa ne, don kada bakin iska ya hura a kansa. Iska mai ƙarfi tana kwantar da harshen kyandir, kakin ya zube gefe ɗaya, tana kuma juya shafin littafi Fada na cikin karatu. A inda mutane ke zaune kada gudunta ya wuce mita 0.25 a daƙiƙa. Injinan kansu a nisanta su da bangon ɗakin sujada, a ɗora su kan robar hana girgiza, domin a lokacin shiru ƙaramin gurnani ma yana cika kunne.

Kicin kuma: murfin zuƙar hayaƙi ya zarce murhu da milimita 150 ta kowane gefe, bututunsa na ƙarfe ne da aka yi wa walda, ya fita waje shi kaɗai. Duk iskar da ya zuƙe sai an mayar da kashi 80 zuwa 90 cikin 100 a cikin kicin ɗin. In ba haka ba zai janyo ta daga zaure da banɗaki, ƙofofi su yi nauyin buɗewa, wari ya biyo baya. Banɗaki a zuƙe lita 25 zuwa 35 a daƙiƙa kan kowane masai.

Mai aikin famfo ya amsa:

Ranka ya daɗe, a ɓangaren ruwa ma jadawalin nan ne uban tafiya. Banɗakin coci a minti 10 na bayan Misa ake gwada shi. Ƙa'idar IPC, ta aikin famfo a Amurka, ta sa masai 1 ga mata 65 da 1 ga maza 125 a zaure irin wannan, wato mata 150 masai 3 ke nan. Amma ku ɗauka kashi ɗaya cikin uku na matan suka tashi lokaci guda, kowacce da minti 2, wasu da yara a hannu. Masai 3 mutum 15 za su sallama a minti 10, ga mutum 50 a layi. Ni dai ba zan yi ƙasa da 6 a ɓangaren mata ba. A ƙara ɗaki 1 mai faɗi na masu keken guragu da tsofaffi, da wurin canza wa jariri, da mawanki 1 mai ƙasa-ƙasa a sama saboda yaran katekizim.

Banɗakin sama ya hau daidai kan na ƙasa, don bututu ya sauko miƙe. Kada a yarda bututun ƙazanta ya ratsa saman zaure, ko kicin, ko ɗakin sujada. Na masai milimita 100 zuwa 110 ne, gangararsa kamar 1 cikin 80. Ƙanana na mawanki 1 cikin 40. Idan gangara ta yi kaɗan ƙazanta ta kwanta. A bar bakin dubawa a kowace kwana, kuma bututun numfashi, mai fitar da warin layin ƙazanta, ya fita ta saman rufi nesa da inda AC ke shan iskar waje. Wannan kuskuren yana faruwa, sai a yi ta wanke banɗaki ana neman inda wari ke fitowa, alhali ta silin yake shigowa.

Ginin da zaurensa ke kwana 5 a rufe yana da ciwo biyu nasa na kansa. Na farko, ruwan da ke kwance a lanƙwasar magudanar ƙasa, wanda zurfinsa milimita 50 ne kawai, yakan bushe, sai warin kwata ya taso. A sa na'urar da ke ɗiga masa ruwa, ko a rubuta wa mai shara ya zuba bokiti guda a kowace magudana duk mako. Na biyu ya fi haɗari: ruwan da ya daɗe tsaye a bututu. Ƙwayar cutar Lejiyonela tana yaɗuwa tsakanin digiri 20 da 45. Don haka tankin ruwan zafi ya tsaya a digiri 60, a sa bawul mai gauraya kusa da mawanki ya sauko da shi zuwa 38 ko 43 don kada ya ƙone yara. Kada a bar reshen bututu mai toshe da sunan "wata rana za a yi amfani da shi", kuma famfon da ba a taɓawa a sake shi ya zuba duk mako.

Kowane rukuni da bawul ɗinsa na kashewa, a inda hannu zai kai. Ranar da famfo guda ya fashe ana tsakar biki, ba sai an kashe wa ginin duka ruwa ba. Kicin ya sami tarkon maiƙo kafin ruwansa ya haɗu da babban layi, a waje, inda za a iya buɗe shi a kwashe. Tukwanen gas ma a waje, a ɗaki mai shan iska. Gas ɗin tukunya ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, saboda haka na'urar jin yoyonsa kusa da daɓe ake kafa ta. Kafin fulasta da tayil a cika bututu da ruwa, a matsa shi ninki 1.5 na ƙarfin da zai yi aiki da shi, wani daga kwamiti ya tsaya ya ga allurar ma'auni ba ta sauka ba.

Yanzu abin da ka tambaya na coci. A ɗakin shirin Fada akwai mawanki na musamman da ake kira sakarariyum. Ƙa'idojin Misa na Roma, a sakin layi na 334, sun ce a ci gaba da gina shi, domin a ciki ake zuba ruwan da aka wanke tsarkakan kwanoni da ƙyallayen bagadi. Bututunsa kai tsaye yake shiga ƙasa, cikin ɗan rami mai tsakuwa, ba ya haɗuwa da layin ƙazanta ko sokawe ko kaɗan. Mai famfon da bai san wannan ba, da kyakkyawar niyya zai haɗa shi da sauran. A rubuta a zane da manyan baƙaƙe, kuma kafin a mayar da ƙasa a zuba ruwa a ga inda ya ɓulla. A yi masa murfi mai alama, a sa mawanki na yau da kullum a gefensa don sabulu da ruwan furanni, a nisanta ramin da harsashin gini. A kuma sanar da hukumar da ke duba gini tun farko, tunda ba kowane mai dubawa ya saba ganin bututun da ba ya zuwa magudana ba. Idan za a yi wurin baftisma mai riƙe ruwa, sai an kai masa ruwa da hanyar zubarwa, da ɗan famfon juya ruwan, kuma a tambayi Fada inda ruwan zai tafi.

Ɗan kwamitin gini ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Maganar sakarariyum ko a zane babu ita, zan kai wa Fada. Saura lantarki. Wasu a kwamiti suna so a sayi janareta da zai ɗauki ginin gaba ɗaya. Sannan wani ya ce kada a sa na'urar jin hayaƙi a zaure, wai turaren wuta zai riƙa tayar da ita.

Injiniyar lantarki ta amsa:

Ɗan'uwa, bari in fara da ta biyun, don ita ce ta shafi rai. Gaskiya ne turare da kyandir suna tayar da na'urar jin hayaƙi, kuma abin da ke biyo baya shi ne wani ya hau tsani ya ɗaure mata leda, ledar ta shekara a wurin. Amma cire ta ba mafita ba ne a ginin da yara ke sama. Akwai na'urori masu haɗa hayaƙi da zafi kafin su yi ƙara, akwai kuma tsarin da ake kashe sashen bagadi da makulli na ɗan lokaci ya dawo da kansa. Wanda za a ɗauka sai da amincewar hukumar kashe gobara. A kicin ta jin zafi ake sawa. Fitilun gaggawa masu batir su haska hanyar fita da matakala, aƙalla lukus 1 (ma'aunin haske) a tsakiyar hanya na tsawon awa 1 ko fiye, da alamar fita a kan kowace ƙofa.

Janareta kuwa, kada a saya sai an yi jerin kaya: kowace na'ura, ƙarfinta, da lokacin da take aiki. Misali, kilowat 100 a layi uku na bolt 400 yana jan kusan amfiya 170. A raba allon rarraba wuta gida 2 tun daga zane. Na dole ya ɗauki fitilu, lasifika, firiji, famfon tura ruwa, ofisoshi da na'urar gobara. Ɗayan ya ɗauki manyan AC da kayan dumama. Injin dizal babba da ke aiki duk mako don ofis 3 kawai yana shan wahala, ba ya ƙone mai da kyau, sai ya fara tofar da baƙin mai ta salansa. Ku sani kuma kwamfireso na jan ninki 5 zuwa 7 na wutarsa a lokacin tashi, don haka a tsara su tashi bi da bi. Makunnin sauya layi dole ya hana wutar janareta komawa layin waje. A bar kashi 20 zuwa 25 cikin 100 na allon babu komai, a kuma binne bututun waya 2 marasa komai, ɗaya zuwa rufi saboda sola, ɗaya zuwa majami'a.

Inda zaure ke ba da kunya shi ne soket. Tukunyar dafa ruwa mai kilowat 3 tana jan amfiya 13 a bolt 230. Biyu a layi ɗaya mai bireka 20, wuta ta yanke ana tsakar rabon abinci. Bangon da za a jera teburan abinci ya sami layi 3 ko 4 daban-daban. A sa soket na cikin daɓe a wurin bagadi da mumbari da mawaƙa, don kada waya ta kwanta a hanyar masu zuwa karɓar tarayya. Kowane layin soket da na'urar yanke wuta ta miliamfiya 30 tasa, mai kashe layin idan wuta ta yi yoyo. Idan guda ɗaya aka sa wa duka, butar lantarki ɗaya mai yoyo za ta jefa zaure cikin duhu. Firiji ya zauna a layinsa shi kaɗai. Azuzuwa a sa soket masu murfin ciki. Faɗuwar ƙarfin wuta daga allo zuwa ƙarshen layi kada ta wuce kashi 3 ga fitilu, 5 ga sauran.

Lasifika ya sami layinsa, kada ya haɗu da AC ko na'urar rage haske. Wayar makirufo ta yi nisan milimita 300 da ta wuta, in dole su haɗu su gitta juna a miƙe. Wannan ne maganin gurnanin da ake ji a lasifika. Wayar intanet kada ta wuce mita 90 daga akwatinta. Idan kuna son zoben waya na taimaka wa masu na'urar ji, kafin tayil ake shimfiɗa shi.

Haske: lukus 300 a zaure da azuzuwa, 500 a ofis da kicin, 100 a baranda. A raba fitilun zaure gaba, tsakiya da baya, bagadi da mumbari da nasu. Fitilar da ke ci gaban akwatin Jikin Almasihu, dokar coci ta 940 ta ce ta kasance a kunne kullum, ƙa'idojin Misa a sakin layi na 316 kuma sun ambaci mai ko kaki, don haka kada a ɗauka ƙwan lantarki ya wadatar sai an ji ta bakin Fada. Idan akwai gicciyen ƙarfe ko hasumiya a sama, a duba maganar kariyar tsawa, a auna wayar ƙasa a rubuta sakamakon.

Masu aikin sa kai ne za su riƙa buɗe ginin nan, yau wannan gobe wancan. A bakin ƙofa a sa maɓalli 4 masu suna: Misa, taro, liyafa, shara. AC kuma maɓallin da ke kunna shi awa 2 ya kashe kansa.

Mai aikin famfo ya ƙara:

Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, akwai abu guda da dukanmu ba mu faɗa ba. Mu ukun nan a cikin silin ɗaya za mu haɗu. A ɗora zanen kowa kan na ɗan'uwansa tare da na injiniyan kankare, a zama guda. Bututun ƙazanta ne ke fara zaɓar hanya tunda gangararsa ba ta lanƙwasuwa, sai na iska, sai na ruwan famfo, waya ta zo ƙarshe don ita ce mai sauƙin kewayawa. Bututun ruwa ko tanki kada ya bi ta saman allon wuta, gaban allon kuma a bar mita 1 fili, kada ya zama ma'ajin kujeru. Ruwan da AC ke tatsa, lita 20 ɗin nan da Injiniya ya lissafa, yana son bututunsa mai gangara 1 cikin 100 da lanƙwasarsa, in ba haka ba a kan silin zai sauka.

Ƙarƙashin kowane bawul da kowace matatar iska a bar ƙofa a silin wadda kafaɗar mutum za ta shiga, milimita 600 a kowane gefe. Ku ɗauki hoton kowane bango kafin fulasta, da tef ɗin awo a jikinsa. Kuma kada a biya kuɗin ƙarshe sai an miƙa zanen yadda aka yi aikin a zahiri, an liƙa suna a kan kowane bireka da bawul, an kuma kunna komai lokaci guda na awa 2 ana sakin ruwan masai duka, kwamiti na tsaye.